Kama Da Wane Ba Ta Wane: Asalin Kiɗan Jaz Da Darasinsa Ga Ɗaliban Ƙasar Rabah

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1960, makonni kaɗan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, wani Baƙar fatar Amurka mai busa ƙaho, mai suna Louis Armstrong, ya sauka Kaduna cikin rangadin da yake yi na ƙasashen Afirka. An ɗauki hotonsa tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ɗayansu haifaffen Rabah ne, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka ba sarautar Rabah a 1934. Ɗayan kuwa an haife shi a 1901 a birnin Niyu Oliyans, cikin zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka, shi ne kuma gwanin da ya kai kiɗan jaz kowace kusurwa ta duniya.

Duk ɗalibin Rara ko Wurno ko Goronyo da ya ga wannan hoto yana iya tambaya, shin akwai dangantaka tsakanin kiɗan da wannan baƙo ya zo da shi da kiɗan da aka saba ji a ƙasar Sakkwato? Sau da yawa akan ji amsa ta gaggawa, a ce ai jaz kiɗan Afirka ne, bayi suka tafi da shi, Turawa suka sake masa suna. Wannan magana tana da daɗin ji, akwai kuma ƙanshin gaskiya a cikinta, amma ba ta cika sharuɗɗan bincike ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata a bi asalin kiɗa kamar yadda masana ilmin halittu ke bin asalin tsirrai, wato da hujja. Idan aka yi haka za a tarar cewa babban darasin tarihin jaz ga mutanen gabashin Sakkwato shi ne darasin adana abin da suka gada.

Inda Aka Haifi Jaz

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12.5 a jiragen ruwan cinikin bayi, kimanin miliyan 10.7 suka isa ƙetare da rai. Daga cikinsu waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai dubu 400 ba. Mafi yawa Birazil da tsibiran Karebiyan aka kai su. A 1808 Amurka ta hana shigo da bayi daga waje, a 1865 kuma ta soke bauta ɗungurum.

Niyu Oliyans tashar jiragen ruwa ce kusa da inda kogin Misisifi ke shiga teku. Faransa ta mulke ta, Sifaniya ta mulke ta, kafin Amurka ta saye yankin a 1803. A birnin akwai wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda aka bar bayi su taru ranar Lahadi su yi ciniki da kiɗa da rawa. Wani magini mai suna Benjamin Latrobe ya ga irin wannan taro a 1819, ya zana ganguna da wani abin kiɗa mai tsirkiya wanda aka yi cikinsa da ƙwarya. Ban da wannan, birnin cike yake da badujala irin ta soja, wadda ke raka biki da jana'iza, da waƙoƙin coci, da kiɗan raye-rayen Turawa, da salon Kiyuba da Haiti.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 sai wasu salo biyu suka yi ƙarfi a tsakanin Baƙaƙen fata. Na farko shi ne ragtayim, kiɗan piyano mai tsallen kari, wanda Scott Joplin ya shahara da shi daga 1899. Na biyu shi ne bulus, waƙar kaɗaici da koken talaka, wadda ta fito daga gonakin auduga na kudu. Daga cuɗanyar waɗannan da badujalar titi ne jaz ya tsiro. Alamominsa uku ne: ƙirƙira nan take, wato makaɗi ya sarrafa karin waƙa yadda ya ga dama alhali ana cikin wasa; jagora da amshi tsakanin kayan kiɗa; sa'an nan wani irin rangaji na kari, inda ake ɗora nauyi a gurbin da kunne bai zata ba.

Yadda Ya Bunƙasa

Mutumin da tsofaffin makaɗan birnin suka fi ambata a matsayin na farko shi ne Buddy Bolden, mai busa ƙaho, wanda aka haifa a 1877. Ya sami taɓin hankali a 1907, ya ƙare rayuwarsa a asibiti a 1931. Har yau ba a sami faifai ko guda mai ɗauke da busarsa ba. Faifan jaz na farko ya fito ne a 1917, kuma wata ƙungiya ta Fararen fata ce ta yi shi. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a komo gare shi.

Daga nan sai Baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa neman aikin masana'antu da gudun wariya, jaz kuma ya bi su. A 1922 Armstrong ya tafi Shikago wurin maigidansa King Oliver, daga 1925 kuma ya fara fitar da faya-fayen da suka mai da jaz fagen gwani guda, ya fito ya nuna basirarsa, sauran su dafa masa. A Niyu Yok, Duke Ellington ya tsara kiɗa ga babbar ƙungiya tun daga 1927. Shekarun 1930 suka zama zamanin siwin, kiɗan rawa na manyan zauruka. A shekarun 1940 Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da bibof, mai sauri da sarƙaƙiya, na saurare ba na rawa ba. A 1959 Miles Davis ya fitar da faifansa Kind of Blue, wanda ya rage yawan sauye-sauyen amo ya ba makaɗi fili ya yi tunani. Cikin shekara 60 kacal, kiɗan titi ya zama fannin da ake koyarwa a jami'o'i. A 2011 hukumar UNESCO ta keɓe ranar 30 ga Afrilu ta kowace shekara domin jaz.

Ya kuma dawo Afirka. Fela Kuti ya koyi busa ƙaho a Landan daga 1958, ya fara da cakuɗa jaz da hayilayif kafin shi da mai gangarsa Tony Allen su gina salon da duniya ta san su da shi.

Kama Ta Jini Da Kama Ta Muhalli

A ilmin halittu akwai kama iri biyu, kuma rarrabe su na cikin darussan farko da ɗalibi ke koya. Alal misali, fiffiken jemage da ƙafar gaba ta kyanwa ba su yi kama a ido ba, amma idan aka duba ƙasusuwansu sai a ga tsari ɗaya ne. Wannan ita ce kama ta jini. A ɗaya gefen, ƙerana da ake shinge da ita a ƙasar Hausa ta yi kama ƙwarai da wasu tsirrai masu ƙaya na hamadar Amurka da ake kira kaktus: jiki mai kauri, ƙaya, ƙarancin ganye. Amma furensu ya nuna dangi daban suke, ƙerana kuma tana da farin ruwa kamar nono wanda mafi yawan kaktus ba su da shi. Fari da zafin rana ne suka sa kowanne ya ɗauki wannan siffa a nahiyarsa. Wannan ita ce kama ta muhalli. Masu iya magana sun riga sun taƙaita darasin da suka ce kama da wane ba ta wane.

Haka abin yake a kiɗa. Jagora da amshi akwai shi a waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, akwai shi a jaz, amma akwai shi kuma a waƙoƙin masunta da matuƙa jirgin ruwa na ƙasashe da dama, domin duk inda mutane ke aikin gayya sukan buƙaci mai bayarwa da masu karɓa. Saboda haka wannan kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka. Mai bincike sai ya nemi siffofin da ba kasafai ake samunsu ko'ina ba, ya kuma nemi hanyar da suka bi suka ƙetare teku.

Abin Da Hujja Ta Nuna

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta banjo, abin kiɗa mai tsirkiya wanda ke riƙe kari a ƙungiyoyin jaz na farko. Wani likita masanin tsirrai, Hans Sloane, ya je Jamaika a 1687, a littafinsa na 1707 kuma ya kawo zanen kayan kiɗan bayi: ƙwarya, an rufe ta da fata, an soke ta da sanda, an ɗaura tsirkiya. Duk wanda ya san gurmin Haruna Uji ko garayar mafarauta ko molo zai gane dangin. Masu bincike sun kwatanta banjo na farko da irin waɗannan kayan kiɗa na Afirka ta Yamma, har da gurmi, ko da yake wanda aka fi nunawa a matsayin makusanci shi ne akontin na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya. A nan akwai tsarin ƙira, akwai shaidar rubutu, akwai hanya. Wannan kama ta jini ce.

Hujja ta biyu ta shafi murya, sai an ɗan leƙa kimiyyar sauti kafin a gane ta. Sauti girgiza ce. Tsirkiyar da ke girgiza sau 440 a daƙiƙa tana ba da wani amo, wadda ke girgiza sau 880 kuma tana ba da irinsa amma mafi siranta. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin biyun zuwa matakai 12 daidai wa daida, a kan su aka gina piyano. Mawaƙin bulus kuwa yakan karya muryarsa ya ajiye ta tsakanin mataki da mataki, inda piyano ba shi da maɓalli, ya kuma ja gaɓa ɗaya ya yi ta lanƙwasa ta. Mai goge haka yake yi, tun da tsirkiyarsa ba ta da matakai. Wani Baturen Ingila, Paul Oliver, a 1970, da wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a 1999, sun kawo hujjojin cewa wannan salo na mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya ya fi kama da na yankin sabana, wato daga Senegal da Mali zuwa arewacin Nijeriya da Kamaru, fiye da na gangunan bakin teku. Akwai ma dalili na muhalli. Bayan tawayen bayi na 1739, mulkin Karolina ta Kudu ya kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganguna, don tsoron kada su aika saƙo da su. Inda aka danne ganga, mai tsirkiya ne ya sami sarari, kamar yadda fari ke kashe wani iri ya bar wani.

To, amma akwai hujjar da ke rage wa mai alfahari guiwa. Binciken Gwendolyn Midlo Hall ya nuna cewa a zamanin mulkin Faransa, kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da aka kai Luwiziyana, jihar da Niyu Oliyans take, daga yankin Senegal da Gambiya suka fito; daga baya aka sami mutanen Kwango da yawa. Hausawa kaɗan ne a cikin lissafin. Yawancin Hausawan da suka faɗa hannun masu cinikin teku a farkon ƙarni na 19, Bahiya ta Birazil aka kai su, inda tarihi ya rubuta yunƙurinsu na tawaye a 1807 da 1814. Bugu da ƙari, ƙahon Armstrong ƙirar Turai ne, saksafon kuma wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya yi masa rajista a 1846, tsarin jituwar amo da jaz ke tafiya a kansa ma daga Turai yake.

Saboda haka hukuncin da ya dace shi ne, jaz haɗin iri ne da aka yi a ƙasar Amurka, Baƙaƙen fatar Amurka ne suka yi shi cikin wahala da wariya, su ne kuma masu shi. Kiɗan ƙasar Hausa ɗan uwa ne na nesa ta wajen dangin sabana, ba uba ba. Wake ma haka ya yi: a Afirka aka fara nomansa, ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi tare da riɗi da kuɓewa, amma irin da manomin kudancin Amurka ke shukawa yau ya daɗe da zama nasa.

Baƙon Da Ya Zauna A Zariya

Abin lura shi ne, su masu jaz ɗin ba su raina kiɗan ƙasar nan ba. Yusef Lateef, gwanin saksafon da sarewa, Musulmi, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 2013, ya bar Amurka ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985. Ya yi nazarin sarewar Fulani makiyaya, shi da Ziky Kofoworola kuma suka wallafa littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Kafin su, David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Idan mutumin da ya yi wasa a manyan zaurukan duniya ya ga sarewar makiyayi ta cancanci nazarin shekara huɗu, mene ne uzurin ɗalibin da ke jin ta a bayan garinsu kowace damina?

Rumbun Iri Da Rumbun Kiɗa

A nan ne za a komo ga Buddy Bolden. Shi ne ake ce wa na farko, amma ba a da muryarsa, don ba a ɗauka ba. Amurkawa sun farga daga baya. A 1938 Alan Lomax ya zaunar da tsohon makaɗi Jelly Roll Morton a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, ya naɗi kiɗansa da labarinsa na sa'o'i masu yawa. Da yawa daga abin da aka sani game da farkon jaz daga irin wannan aiki ya fito.

Masana aikin gona sun daɗe da sanin wannan dabara. Cibiyar IITA ta Ibadan tana ajiye da samfurin wake fiye da 15,000, domin irin da ya ɓace daga gona ba ya dawowa sai in an adana shi. Kiɗan baka ya fi iri saurin ɓacewa, domin rumbunsa ƙwaƙwalwar mutum ce. Ƙasar Sakkwato ta yi sa'a an naɗi wasu daga waƙoƙin Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, da na Muhammadu Bawa Ɗan Anace na ƙasar Gandi, wanda ya yi wa Shago waƙoƙin dambe. Amma waɗannan su ne suka yi suna har gidajen rediyo suka neme su. Ina makaɗan noma na gayya, da masu kiɗan maƙera da mahauta da masunta, da waƙoƙin daɓe da na niƙa da mata ke yi, da na gaɗa a dandali? Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe. Sa'an nan ga matsalar 'yan bindiga: harin Tabanni a ƙasar Gandi a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021 misalai ne kawai na abin da ya tarwatsa ƙauyuka da dama. Garin da ya watse, dandalinsa ya watse, tsohon da ya mutu a gudun hijira kuma da waƙoƙinsa yake tafiya.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin makarantar sakandare ba. Wayar hannu ta yau ta fi na'urar Lomax kyawun ɗaukar sauti. Malamin Hausa da na kimiyya suna iya haɗa ɗalibai, su nemi izinin makaɗi da na iyayen ƙasa, su naɗi wasa, su rubuta suna da gari da kwanan wata da dalilin kiɗan, kamar yadda ake manna takarda a jikin samfurin tsiro. Ɗalibin ilmin halittu ya binciki kayan haɗi: wane duma aka fafe, fatar wace dabba aka rufa, me ya sa ake amfani da izgar doki a goge, wane ice ake sassaƙa kalangu da shi, yana nan a daji ko ya ƙare? Ɗalibin fiziya ya auna yadda amo ke sauyawa idan aka matse tsirkiyar kalangu, ya kwatanta da hawa da saukar murya a harshen Hausa. A ajiye kwafi a makaranta, a kai wani Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Wasu za su ce malamai sun yi magana a kan kiɗa, musamman goge da garaya da aka danganta da bori, don haka bai dace a shigar da yara cikinsa ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba kuma za a yi watsi da ita ba a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance a Wurno. Sai dai nazarin abu daban, aikata shi daban. Ɗalibin da ya yi nazarin sauro bai zama mai yaɗa zazzaɓi ba. Iyaye da malamai suna da ikon zaɓar abin da ya dace, kuma waƙoƙin noma da na sana'a da na fada sun isa su cika rumbu.

Wasu kuma za su ce mutanen da ke fama da tsaro da abinci ba su da lokacin waƙa. Haƙiƙa rai shi ne gaba. Amma waɗanda suka haifi bulus da jaz ba a cikin daula suka yi ba, kuma abin da suka riƙe a lokacin ƙunci shi ne ya zama shaidar mutuncinsu a idon duniya. Jiran a sami kwanciyar hankali kafin a fara naɗa yana nufin a fara bayan masu abin sun ƙare.

Kammalawa

Tarihin jaz ya nuna cewa kiɗa, kamar tsiro, yana da asali, yana ƙaura, yana cuɗanya, muhalli kuma yana sarrafa shi. Ɗalibin da aka tambaya ko jaz na Hausawa ne, amsar da ta dace da mai ilmi ita ce a'a, amma akwai zumunci ta wajen gurmi da goge da karyar murya, ga kuma hujjojin. Ya fi wannan muhimmanci ya tambayi kansa, wane ne Bolden na garinsu, tsohon makaɗin da kowa ke yabo amma ba wanda ya naɗa? Idan yana raye a Rara ko Gandi ko Wurno ko Goronyo, to, hutun makaranta mai zuwa ya isa a je a gaishe shi, a nemi izninsa, a kunna waya.